Nazarin lamari: riƙe bugun zuciyar wata mai jego daga Damagaram har teburin sauya ƙyauren zuciya

Majinyaciyar da wannan nazari ya shafa mace ce ƴar shekara 26, mai ƴaƴa biyu, mazauniyar cikin birnin Damagaram, kuma an sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta. Ta zo wurinmu wata huɗu bayan haihuwarta ta biyu da kukan cewa numfashi yana yanke mata idan ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo zuwa tsakar gida, cewa ba ta iya kwanciya rigingine sai ta tara matasai uku ta jingina, kuma sau biyu ta yi tari cikin dare ta ga jini a majinarta. Ƙafafunta sun kumbura har ƙwauri, nauyinta kilo 48. Da yake ta yi wankan jego na kwana 40 ta kuma sha kunun kanwa kamar yadda aka saba, duk wanda ya fara dubanta ya ɗauka ciwon zuciyar nan ne na bayan haihuwa, wanda aka daɗe da sani a ƙasar Hausa, inda naman zuciya ke saki ya kasa tura jini.

Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ya nuna wani abu dabam. Naman ɗakin ƙasa na hagu na zuciya yana matsewa lafiya lau, amma ƙyauren mitiral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagu, ya yi kauri, leɓɓansa sun manne da juna, ya ƙanƙance har faɗin ƙofarsa bai wuce santimita murabba'i 0.9 ba, alhali na mai lafiya yana tsakanin 4 zuwa 6. Ɗakin sama na hagu ya buɗe ƙwarai, akwai gudan jini a ɗan aljihunsa, matsin jini a jijiyar huhu ya hau har kimanin 65, kuma takardar awon bugun zuciya ta nuna ɗakunan sama sun daina bugawa daidai, karkarwa kawai suke yi, bugun yana yawo tsakanin 115 da 130 a minti. Da muka matsa wa mahaifiyarta da tambaya, sai ta tuna cewa tun yarinyar tana ƴar shekara 9 zuwa 10 take fama da ciwon maƙoshi har aka kai ta wurin wanzami ya cire mata beli, kuma a wannan tsakanin gwiwoyinta sun sha kumbura ana cewa sanyi ne. Wannan shi ne tarihin da aka saba ji a ciwon zuciya mai biyo bayan zazzaɓin gaɓɓai: ƙwayar cutar da ake kira sitreptokok ta rukunin A ta kama maƙoshi, ba a yi maganinta da penisilin ba, garkuwar jiki ta juyo ta far wa gaɓɓai da ƙyauren zuciya, sannan ɓarnar ta yi shekaru tana cin ƙyauren a ɓoye har sai da nauyin ciki ya tona ta.

Duk abin da mai sa barci zai yi wa irin wannan majinyaciya ya rataya ne a kan abu guda, kuma na fi so in bayyana shi da misalin da nakan bai wa ɗalibai. Mai ruwa-ruwa a bakin hanya idan yana ɗura fetur a kwalba da ƙaramin mazurari, dole ya ba shi lokaci, domin idan ya yi garaje man ba zai shige ba, sai dai ya cika mazurarin ya kwararo baya. Jini yana ratsa ƙyauren mitiral ne kawai a lokacin da zuciya ta saki tsakanin bugu da bugu. Idan tana buga 70 a minti, wannan hutu ya kai kusan rabin daƙiƙa, amma idan ta kai 130 da ƙyar yake kai rubu'in daƙiƙa, kuma abin da bai samu wucewa ba sai ya taru a ɗakin sama ya koma ya cika huhu, a lokaci guda kuma ɗakin ƙasa ya rasa abin turawa, tansiyon ya faɗi. Saboda haka duk abin da ke sa zuciya gudu abokin gaba ne a nan: ƙarancin jini, zazzaɓi, zafin rana, ƙishirwa, raɗaɗi, har da tsoro.

Shirin ya ɗauke mu wata uku a Damagaram kafin a yi maganar tafiya Yamai, inda za a yi mata aikin. Mun sa ta a kan Lasilix don sauke ruwa, da bisoporolol da ɗan digozin don rage gudun zuciya, da Sintrom don tsinka jini saboda gudan da ke ɗakin sama. Ba mu yi sha'awar sababbin ƙwayoyin tsinka jini ba, domin babban binciken da aka wallafa a 2022 a kan masu irin wannan ciwo da karkarwar ɗakin sama ya nuna tsofaffin magungunan nan masu hana aikin bitamin K, irin su Sintrom, sun fi ribaroksaban, ɗaya daga cikin sababbin, kare rai. Himogulobin ɗinta, wato awon da ke nuna ko akwai ƙarancin jini, 8.9 muka samu, muka ba ta maganin tsutsar ciki da ƙwayar ƙarin jini, muka yi maganin zazzaɓin cizon sauro da gwaji ya nuna a watan farko, har ya hau zuwa 11.2. Likitan haƙori ya cire mata turame biyu da suka ruɓe, domin ƙwayar cuta daga baki takan bi jini ta sauka a kan sabon ƙyaure, kuma wannan ya fi sauƙin hanawa a kan magancewa. Gwajin jinsin jini ya nuna AS ce, wato tana ɗauke da iri ɗaya na sikila ba tare da ciwon ba, abin da ba ya hana aiki amma yana da muhimmanci a rubuta shi da jan biro a kan takardarta, saboda sanyi mai yawa, ƙarancin oksijin da tsamin jini su ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jini, kuma duka ukun suna iya haɗuwa a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu.

Buɗe ƙyauren da balan-balan ta jijiyar cinya bai yiwu ba saboda gudan jinin da kuma taurin ƙyauren, don haka maganar ta koma ga sauya shi, kuma a nan ne zaman ya yi tsawo. Ƙyauren ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha maganin tsinka jini har iyakar rayuwarsa, yana auna INR, wato awon yadda jinin ya tsinke, a kai a kai, kuma maganin yana iya illata ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki. Ƙyauren nama, wanda ake yi da fatar zuciyar saniya ko ƙyauren alade, ba ya tilasta wannan, amma a jikin matasa yana saurin lalacewa, sai a sake buɗe ƙirji bayan wasu shekaru. Mijinta ya ce, "Likita, idan aka sa mata na ƙarfen, haihuwa ta ƙare ke nan?" Na ce masa ba ta ƙare ba, amma duk cikin da za ta ɗauka sai an shirya shi da likita tun kafin ya shiga, kuma haɗarinsa ba ƙarami ba ne. Ita kuwa ba ta ce uffan ba sai da ya fita sallar la'asar, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ni dai kar a sake buɗe ni." A ganina wannan jimla ta fi duk abin da aka faɗa a zaman nauyi, kuma darasi ne cewa a nemi jin ta bakin mace ita kaɗai ko da na minti biyar ne. An tsaya a kan na ƙarfe bisa dalilai uku da suka haɗu: karkarwar ɗakin sama ta riga ta wajabta mata maganin tsinka jini, tana zaune a cikin gari inda ake iya auna INR, kuma ita da kanta ta zaɓa. An sa mata ashanar tazarar haihuwa a dantse, aka kauce wa ƙwayoyin da ke da isturojin saboda suna ƙara daskarewar jini.

Kuskuren da na ɗauka nawa ne ya faru a hanya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, kuma tafiyar ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Mun rubuta mata jadawalin magani dalla-dalla, amma ba mu yi tunanin abin da Lasilix ke nufi ga mace mai kunya a cikin motar bas da ke cike da maza ba. Tun ana gobe tafiya ta daina shan sa don kada fitsari ya matsa mata, ta kuma haɗa da bisoporolol ɗin domin a tunaninta duk tafiyarsu ɗaya. Ta isa da bugu 124, ƙafafu a kumbure, ƙasan huhu yana ƙara kamar ana murza gashi kusa da kunne. Sai da aka ɗage aikin da kwana huɗu, aka sauke ruwan ta jijiya, aka dawo da bugun ƙasa da 80. Da mun ce mata ta sha maganin ruwan da yamma bayan an sauka, ta kuma riƙe na rage bugu ko da me ake ciki, da ba a yi wannan asara ba, kuma tun daga lokacin duk wanda muka tura sai mun zauna da shi a kan maganar hanya.

An dakatar da Sintrom kwana uku kafin aiki, aka maye gurbinsa da heparin, allurar tsinka jini, aka tanadi leda huɗu na jini da ruwan jini mai daskarewa daga ƴan'uwan da suka ba da nasu. Ta daina cin abinci awa 6 kafin aiki, amma an bar ta ta sha ruwa zalla har saura awa 2, domin ƙishirwa ma tana tayar da bugu. Da asuba ta sha bisoporolol ɗinta da ɗan kurɓin ruwa. Maganin kwantar da hankali kaɗan aka ba ta, tare da oksijin, saboda mai matsin jijiyar huhu idan ya yi barci mai nauyi numfashinsa ya ragu, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, jijiyoyin huhun sai su ƙara matsewa.

Na samu damar tsayawa a gefen kanta tare da likitan sa barci na asibitin Yamai. Kafin a ba ta komai an kashe fatar wuyan hannunta aka zura siririn bututu a jijiyar bugu don a riƙa ganin tansiyon bugu bayan bugu, domin awon hannu na kowane minti uku ya yi jinkiri ga zuciyar da ke iya faɗuwa cikin daƙiƙa 20. An ba ta sefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 2 cikin awa guda kafin yanka. Wanda ya yi aiki a asibitocinmu na karkara ya san ketamin ne dokin da muke hawa kullum wajen sa barci, saboda yana riƙe tansiyon da numfashi, amma a nan an ajiye shi gefe tun da yana sa zuciya gudu, kamar yadda aka ajiye atiropin da efedirin sai da larura. Da sufentanil mai kashe raɗaɗi aka fara, a hankali, sannan etomidat mai sa barci, sannan rokuroniyam don sakin tsokar jiki. Duk da haka, da aka zura bututun numfashi a maƙoshi sai bugun ya tashi daga 76 zuwa 128, tansiyon ya sauka daga 105 zuwa 68, oksijin ya fara ja da baya. Hannu yakan so ya buɗe ledar ƙarin ruwa a irin wannan lokaci, kuma da an yi haka da ruwan ya tafi huhu kai tsaye. Abin da aka yi shi ne aka ƙara sufentanil, aka ba da esmolol ɗan kaɗan, maganin rage bugu da aikinsa ke gushewa cikin ƴan mintoci, aka bi shi da fenilefirin wanda ke matse jijiyoyi ba tare da ya zuga zuciya ba. Cikin minti uku bugun ya dawo 84, tansiyon ya koma 98. Daga nan aka sa bututu a babbar jijiyar wuya, aka zura na'urar eko ta maƙogwaro, aka ci gaba da barcin da sebofuluran, aka fara asid tiranezamik don rage zubar jini.

Kafin a haɗa mutum da injin zuciya da huhu, wanda ma'aikata ke kira CEC kuma wanda aka fara cin nasarar aiki da shi a Amurka a 1953, dole a hana jininsa daskarewa gaba ɗaya, in ba haka ba zai daskare a cikin bututan injin. An ba ta heparin yunit 300 ga kowane kilo, wato 14,400, aka auna lokacin daskarewa aka samu daƙiƙa 390, alhali ana neman ya wuce 480. An ƙara heparin bai motsa sosai ba. Dalilin a bayyane yake: heparin yana aiki ne ta hanyar wani sinadari na jiki mai suna antitirombin, kuma kwanakin da ta yi a kan heparin, waɗanda ɗage aikin ya tsawaita, sun cinye shi. Aka ba ta leda biyu na ruwan jini mai daskarewa, wanda ke ɗauke da antitirombin ɗin, awon ya kai 520, sannan aka ba likitan fiɗa izini. Akwai kuma lissafin da ƙananan majinyata ke tilastawa. Jinin mace mai kilo 48 bai fi lita 3 da ɗan ɗoriya ba, injin kuwa ana cika bututansa da ruwa da ya kusa lita ɗaya da rabi, don haka da zarar an haɗa su jinin zai tsarma ƙwarai, shi ya sa aka zuba leda ɗaya ta jini a cikin injin tun farko. Saboda AS ɗinta ba a sanyaya jikin ƙasa da digiri 34 ba, kuma ana auna iskar jini da tsaminsa kowane rabin awa. An matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, aka tsayar da zuciya da ruwa mai yawan fotasiyam, aka kwashe gudan jinin, aka rufe aljihun da ya ɓoye shi, aka ɗinka ƙyauren ƙarfe mai fiffike biyu. Zuciyar ta yi minti 68 a tsaye, injin ya yi minti 96.

Wahalar sauka daga injin ba daga hagu ta zo ba, daga dama ta zo, kamar yadda aka yi tsammani. Ɗakin ƙasa na dama ya yi shekaru yana tura jini cikin huhu mai matsi, kuma sabon ƙyaure ba ya sauke wannan matsi a rana ɗaya. Hoton eko ya nuna shi a kumbure yana motsi da ƙyar, sai aka fara milrinon don ƙarfafa shi da buɗe jijiyoyin huhu, aka haɗa da noradirenalin don kada tansiyon ya bi shi ƙasa, aka gyara na'urar numfashi don kada gurɓatacciyar iska ta taru, aka tabbatar jikin ya ɗumama zuwa 36.5. Furotamin, wanda ke warware heparin a kan kimanin miligiram 1 ga kowane yunit 100, shi ma yana iya matse jijiyoyin huhu farat ɗaya, kuma da aka kai kusan sulusinsa tansiyon ya sauka zuwa 72. Aka tsayar da shi, aka jira, aka ƙarasa saura cikin minti 15 ba tare da wata matsala ba.

A ɗakin farfaɗowa an cire mata bututun numfashi bayan awa 7, lokacin da ta ɗumama, ta buɗe ido ta matse hannun ma'aikaciya, kuma jinin da ke fita ta bututan ƙirji ya ragu, jimillarsa a daren farko mililita 350. An riƙe fotasiyam tsakanin 4 da 5, an kashe raɗaɗi da farasitamol da ɗan morfin, ba a kusanci diklofenak ko ibufurofen ba saboda ƙoda da zubar jini. An yaye milrinon a rana ta biyu, an dawo da heparin da Sintrom da zarar jinin ya tsaya. Zazzaɓin da ya taso a rana ta uku ya sa aka yi gwajin cizon sauro da shukar jini don neman ƙwayoyin cuta, duka ba su nuna komai ba, kuma ya sauka da aka matsa mata da tashi zaune, tari tana rungume da matashi, da hura safar hannu ta roba har ta kumbura. A daren huɗu ta kira ma'aikaciya a firgice tana cewa akwai agogo a ƙirjinta, sai da aka sa mata abin sauraro a kunne aka nuna mata cewa ƙarar ƙyauren ce, kuma ranar da ya kamata ta damu ita ce ranar da ta ji ƙarar ta dusashe.

Ta dawo Damagaram a rana ta 21 da ƙaramin littafi da ake rubuta INR a ciki, wanda ake so ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5 ga mai ƙyauren ƙarfe a mitiral. Rigakafin zazzaɓin gaɓɓai bai tsaya ba don an sauya ƙyaure, tun da sauran ƙyamaren suna nan, kuma mun zaɓi ƙwayar penisilin V sau biyu a rana a maimakon allurar cinya, don gudun taruwar jini a nama. Sau biyu awon ya fita daga hanya. Da damina ta faɗi ya sauka zuwa 1.7, muka gano kwaɗon zogale da rama ya zama abincinta na kullum, ganyayen da ke cike da bitamin K, kuma ba mu hana ta ba, mun ce ta riƙa cin gwargwado ɗaya mu kuma muka daidaita maganin a kansa. Na biyun ya fi tsoratarwa: ta yi gudawa, wata maƙwabciya ta sayo mata Flagyl wurin mai tallar magani, bayan kwana biyar dasashinta ya fara jini, INR ya kai 6.4. Aka dakatar da Sintrom na kwana biyu, aka auna kullum har ya sauko, ba a ba ta bitamin K mai yawa ba don kada ƙyauren ya toshe. A zuwanta na wata tara bugunta 74, tansiyon 110 bisa 70, himogulobin 12.1, INR 2.9, matsin jijiyar huhu ya sauko zuwa kimanin 40, kuma daga gida ta tako da ƙafa goye da ƙaramin ɗanta.